Reshen Maɗaci Bisa Rumbun Alhaji Mudi

Ku da kuka haɗa kuɗi kuka sayi injin yankan itace, kun zo kuna tambayata nawa za ku riƙa karɓa a kan itace ɗaya, sai ka ce buhun siminti ne mai farashi guda daga Ƙanƙara har Sabuwa. To ku gyara zama. Ni Sule, tun ina saurayi nake rage ma itatuwa rassa, ga hannuwana nan ku duba, babu yatsan da bai taɓa fashewa ba. Kuma har gobe in mutum ya tare ni a kasuwa ya ce nawa zan sare mashi mangwaro, ba ni yanka mashi kuɗi sai na je na tsaya ƙarƙashin mangwaron na ɗaga kai. Jiya na ji ɗayanku yana cewa ai aikin ba wuya, a tada inji, a ɗora, reshe ya faɗo. Wallahi raina ya ɓaci. Faɗowa ai ko ba ka zo ba iskar bazara za ta yi wannan kyauta. Inda reshen zai sauka ake biyanka dominsa, shi ya sa kuɗin ba ya zama ɗaya a gari biyu.

Aikin farko da na bi Baba Magaji na Ƙetare, Allah ya jiƙansa, wata tsamiya ce bakin masallaci da ta fara goge kwanon rufi. Baba Magaji shi ya koya mamu sana'ar, ni da ɗansa Iro, sa'ana ne, tare muka taso. Ran nan ko ƙotar gatari ban taɓa ba. Igiya ya miƙo mani ya ce in warware, in naɗe, in sake warwarewa, shi kau yana zaune yana cin goro. Da na gaji na ce Baba yaushe zan hau, sai ya ce ranar da na iya riƙe mutum daga ƙasa. Haka na daɗe. Ni ne washin gatari a dutse, ni ne ɗaure ƙota in ta yi sako-sako, ni ne bin igiya da yatsa daga wannan kai zuwa wancan ina neman inda ta fara cinyewa. Kayan aikinmu ke nan a lokacin: gatari babba, barandami mai doguwar ƙota na rassan da hannu ba ya kaiwa, adda, zarto, sai igiyoyin rama da muke tufkawa da kanmu. Inji daga baya ya zo, mun riga mun yi iyali.

A hannunsa muka san halin kowane itace. Bedi, wanda Kanawa ke ce ma darbejiya, tsagewa yake in ba ka fara sara ta ƙasan reshen ba. Mangwaro ba ya gargaɗi, kana tsaye bisa reshe lafiya lau sai ka ji ɓaras. Kuka tana haɗiye gatari, ka yi ta kokawar zare shi. Tsamiya kau sai ta dakushe maka baki kafin azahar. Ban da rina da zuma, waɗanda ba su fitowa sai ka yi nisa ba ka da wurin gudu. Da aka ga Iro ba shi da nauyi kuma ba ya jiri, sai ya zama shi ne mai hawa. Ni da jikina, aka bar ni da igiya. Dokar Baba Magaji ɗaya ce a nan, kuma da bulala ya koya mamu ita: in mutum yana bisa, mai igiya ba ya jin maganar kowa sai tasa. Ko mai gari ne ya ce saki, ba ka saki sai na bisa ya ce.

Akwai wani bedi cikin garin Ƙanƙara, tsakanin shagon mai magani da wayar lantarki, ga katangar maƙwabci ta baya, ga masu babura ba su daina wucewa ta ƙasa. Babu inda za ka yar da ko sandar kiwo. Guntu-guntu Iro ya riƙa yankowa, kowane bai wuce tsawon hannu ba, a ɗaure shi, in sauke shi a hankali, a kwance, a mayar da igiya. Mai shagon ya yi ta mita, wai mun maida aikin awa guda na wuni sukutum don mu ci kuɗinsa. Na ce ya ɗaga kai ya ƙirga abin da zai biya in waya ta tsinke bisa kwanonsa. Ya ɗaga kai ya duba, ya biya. Haka Ƙanƙara take, kuɗi ne a hannu, kuma da tsada, itacen kuma na mai gida ne, ko tsinke ba mu ɗauka. Saboda itacen ba namu ba ne, ba ruwanmu da tsawonsa, yadda ya fi lafiya haka muke yanka shi.

A gonakin Mairuwa, can ƙasar Faskari, na taɓa rage ma wani manomi kaɗanya shida a wuni ɗaya, kuɗin duka bai kai na bedin nan guda ba. Kuma ban ce an cuce ni ba. Fili ne, ka sara ya faɗi inda ya ga dama, abin da manomi ke so kawai inuwa ta tashi daga kan masararsa. Da ƙirgan itatuwa ake ciniki, ba rassa ba, a haɗa maka da tuwo da fura. Da rani makiyaya su kira ka ka kakkaɓo masu ganyen gawo, su sallame ka da nono da ɗan abin da ya samu. Wahalar Faskari ba a hawa take ba, a tambaya take. Gona ta wani ce, ɗorawar da ke tsakiyarta ta wani ce daban. Mun taɓa ɗora gatari a kan wata ɗorawa da izinin mai gona, sai ga wata tsohuwa ta taho da 'ya'yanta maza, ashe gadonta ce, ba a haɗa da ita ba da aka sayar da gonar. Da ƙyar muka sha, sai da mai unguwa ya shiga tsakani.

Sabuwa kau wata duniya ce. Ruwa ya fi sauka can, itatuwan manya ne, maɗaci da ƙirya waɗanda mutum biyu ba su zagaye su da hannu. Kuma kowa ɗan bakin daji ne, kowa da gatarinsa, in ka ce a ba ka kuɗi don ka sari itace dariya za a yi maka. Ba a kiranmu sai aikin ya fi ƙarfin 'yan gida. Cinikinsu kuma guda ne, tun kakanni: ka sauke, itacen naka ne, shi ne ladanka. To nan nake so ku buɗe kunne. Guntun itace makamashi ne, kuɗinsa kaɗan. Gungume mai tsawo kau masu katako na so, masassaƙa na so, kuɗinsa ya ninka sau da yawa. Saboda haka duk mai saran da aka biya da itace, zuciyarsa tana ga sauke reshen ɗungurungum. Ba wanda ya ce maka ka yi haka, cinikin ne ke tura ka. Ni da Iro mun sauke irin waɗannan ba iyaka, kuma mun ci riba.

Sai ga shekarar da ku ma kun san ta, ko da yake kuna yara. Mutanen daji suka matsa, aka bar gonakin nesa ba a nome ba. Aka rufe kasuwanni, waya ta daina shiga, aka hana sayar da mai a jarka, aka hana motocin itace. Injinmu ya koma ƙarƙashin gado, muka fiddo gatari da zarto kamar zamanin Baba Magaji. A Ƙanƙara wa ke da kuɗin rage bedi, ana neman na tiyar masara? Gidan Iro ya cika da dangin matarsa da suka gudo daga ƙauyukan 'Yargoje, tsofaffi da yara, zaure ma kwana ake a ciki. Iro, mutumin da ba ya rama, ya rame. Da muka ji labarin iskar farkon damina ta yi ɓarna a Sabuwa, muka ɗaure gatura cikin buhu don kada a ɗauke mu wasu iri a shingen hanya, muka zagaya ta Funtua da Dandume, muka sauka gidan wani surukin Iro.

Surukin ne ya kai mu gidan Alhaji Mudi. Gidan yana bakin gari, daga shi sai gonaki. Dattijo ne mai kamala, fari tas da gemu, irin waɗanda ake kai ma ƙara kafin a je gun mai unguwa. Tsakar gidansa akwai maɗaci da mahaifinsa ya shuka, kuma wani reshe mai kaurin turmi ya miƙe ya bi ta bisa rumbunsa. Rumbun ƙasa ne babba, da jinkarsa sabuwa. Iskar da aka yi ta murɗa reshen, ana ganin ɓawon ya dare kusa da gindinsa. Kowa ya duba ya san hadari ɗaya ko biyu ya rage mashi.

Na zagaya na duba, na ce ma Alhaji aikin Ƙanƙara ne wannan. A yanka guntu-guntu, ya biya mu kuɗi, itacen ya zama nasa. Ya yi murmushi ya ce ai nan Sabuwa ce, mu sauke mu ɗauka, shi ba shi da ko sisi da zai ba mai sara a bana. Na ce to a kwashe rumbun tukuna, in ya so ko mi ya faru ƙasa ce ta fashe. Nan fuskarsa ta canza.

"Rumbuna ba ya buɗuwa gaban jama'a, Malam Sule. Ka san zamanin da muke ciki."

Na sani kau. A shekarar nan wanda aka ga damman dawa a tsakar gidansa da rana, labari na iya kai wa daji kafin magariba. Ban da haka, ko da lafiya lau ake, rumbu na mai gida ne shi kaɗai. Shi ke sa tsani ya ɗaga jinka ya fiddo ma iyali na rana, ko matarsa ba ta leƙawa. Na rage murya na tambaye shi ko cike yake. Ya dube ni ya ce, "Alhamdu lillahi." Na ɗauka ya amsa mani.

Na ja Iro gefe na ce mu bar aikin nan, ko kau mu yi shi guntu-guntu mu ɗauki makamashi mu yi haƙuri. Ya ce makamashi wa zai saya, motocin itace ba su tafiya, kowa a garin yana da nasa a bayan ɗaki. Ashe tun da safe ya riga ya gano wani masassaƙi a garin, mutumin ya zo ya auna reshen da ido, ya ce turmi huɗu zai fitar in an sauke mashi shi bai tsage ba, kuma da hatsi zai biya. Muka yi ta cacar baki a bayan katanga. Na ce reshen ya riga ya dare, ba mu san cikinsa ba. Ya ce wanda muka sauke a bara ya fi shi. Daga ƙarshe ya ce mani yara sama da goma ne a gidansa suke kwana da ruwan ƙanzo, in ni ina da abin da zan koma da shi, shi ba shi da shi. Na fara warware igiya.

Da hantsi ya hau. Ya ɗaure ƙugunsa da uwar itacen, ya fara da ƙananan rassan da ke can baki, masu ganye, muna sauke su ɗaya-ɗaya. Wannan ya ci mu har bayan azahar, don da gatari ne. Ya rage gungumen kaɗai, tsawon mutum biyu da ɗoriya, tsirara bisa jinkar rumbu. Muka yi mashi ɗauri irin na kullum. Babbar igiya aka ɗaura kusa da bakinsa, aka ɗaga ta aka ratsa wata gwafa can bisa kan Iro, ta sauko gare ni, na naɗa ta a gindin wani bedi da ke bakin zaure. Ita ke ɗauke da nauyin. Ƙaramar igiya kuma ta gefe ce, na ba maƙwabta biyu, aikinsu in an gama sara su ja gungumen ya kauce ma rumbu, ni kuma in sauke shi a fili. Kafin nan gida ya cika. Maza sun jeru jikin katanga, mata suna leƙe daga ƙofar ɗaki, Alhaji yana tsaye kusa da ni da carbi. Gabas kuma ta fara haɗa baƙi.

Na ce ma Iro ya sauko mu bari sai gobe. Ya ce in aka bar shi haka ba ganye ba daidaito, hadarin nan ne zai sauke shi da kansa. Gaskiyarsa ce. Ya yi saran ƙasa, ya koma na bisa. Ina jin amon gatarin, sai na ji ya canza, ya koma kamar ana dukan ganga. Itace mai lafiya ba ya wannan kuka. Kafin in buɗe baki reshen ya yanke, ko rabi bai kai da saran ba. Ashe darewar ta shiga ciki sosai.

Igiya ta fizge ni har sai da na durƙusa, amma naɗin bedi ya riƙe. Bakin gungumen ya tsaya yana lilo, tsakaninsa da jinka bai fi kamu biyu ba. Gindinsa kau, maimakon ya faɗo, sai ya koma baya ya daki uwar itacen, daidai inda Iro ya kafa ƙafar hagu. Ya danne ta ƙasan gwiwa.

Ku da za ku riƙe igiya, ku fahimci wannan. Igiyar da ke hannuna daga bakin gungumen ta tafi bisa, wajen uwar itacen. Muddin ina riƙe, tana ɗaga bakin, kuma tana tura gindin cikin ƙafar Iro da dukan nauyinsa. In na saki, bakin ya faɗa rumbu, gindin ya zame, ƙafar ta fita. Na san haka a take, shi ma ya sani.

Na ɗaga kai na ce, "Iro, zan saki."

"Kada ka saki. Maƙalewa ta yi, ba ta karye ba. Ku ja ta gefe."

Na ce ma maƙwabtan su ja. Suka ja. Gungumen ya juya kaɗan a kan ƙafar, Iro ya cije leɓe, ya rungume itacen, amma gungumen bai kauce daga bisa rumbun ba ko kaɗan. Na ce su tsaya. Wani ya ruga neman tsani, wani ya kawo azara a tokare, ba ta kai ba. Wani ya ce a kwashe hatsin yanzu, amma wa zai shiga rumbu ga wannan abu yana lilo bisa kansa? Kowa yana magana, ni kau idona yana bisa. Na sake cewa zan saki. Ya ce a'a, abincin mutane ne, ga ruwa ya taho, in rumbun ya fashe dawar da laka za ta haɗu, kuma gari duka ya gani. Ya ce in ba shi lokaci kaɗan zai zare ta.

Kada ku ce don mi ban saki ba. Na bisa ya ce kada in saki, kuma tun muna samari ban taɓa saɓa mashi a kan igiya ba. Ga shi na san mi ake nufi da rumbu a shekarar nan, na baro gidaje da yawa da ba su ɗora tukunya. Mai saran da ya fasa ma mutum abincin shekara kuma ya gama aiki a ƙasar. Ina ta gaya ma kaina yanzu zai zare ta. Tsoro kau ya cika ni, tsoron da ban taɓa ji ba ko ranar da muka yi kiciɓis da mutanen daji a hanya.

Sai iska ta taso. Maɗacin ya fara rangaji, kuma duk rangajin da ya yi sai gungumen ya goga. Ina jin abin a tafin hannuna, ta cikin igiya, wani ƙurus-ƙurus. Iro ya daina magana. Jini ya biyo ɓawon itacen yana saukowa. Aka fara kiran la'asar a masallacin unguwa ina riƙe, aka gama ina riƙe. Na kira sunansa, ya ɗaga hannu da ƙyar, hannun yana cewa a'a.

Nan na karya doka, na juya na dubi Alhaji Mudi. Rumbunsa ne, in ya ce a saki, ya ɗauke mana nauyin. Ya buɗe baki. Ya dubi mazan da ke jikin katanga, ya dubi ƙofar ɗakin da matan suke, ya rufe bakin. Wallahi a lokacin na tsane shi, na ce a raina wannan tsoho ya fi son dawarsa da ran mutum. Iska ta sake kaɗawa, Iro ya yi wata ƙara da ban taɓa jin ɗan Adam ya yi ba. Sai Alhaji ya matso, har gemunsa yana taɓa kunnena, ya yi magana yadda ba mai ji sai ni.

"Saki, Malam Sule. Ba komai a ciki."

Na saki. Igiyar ta kwashe mani fatar hannu. Gungumen ya faɗa tsakiyar jinka, rumbun ya dare gida biyu, ƙura ta tashi. Ban tsaya kallo ba, na kama itacen na hau, ni da na manta rabon da in hau. Iro ya suma, igiyar ƙugu ce kaɗai ta riƙe shi. Ƙafar ban so in gaya maku yadda na same ta. Na ɗaure shi ta hammata na zuro shi ƙasa, mutane suka tare. Mai ɗori da ya gani daga baya ya ce wannan ba karaya ba ce, niƙewa ce, ba ta hannunsa ba ce. A Funtua aka yanke ta ƙasan gwiwa, Iro bai sake hawa ko tsani ba. Amma wannan duk daga baya ne.

Da na sauko ƙurar ta lafa. Kowa yana kallon rumbun. Babu dami ko ɗaya, babu zangarniya, sai ƙaiƙayi da kashin ɓera da wani tsohon buhu a naɗe. Daga baya na ji ashe tun kaka ya sayar da dawar a ɓoye, ya haɗa kuɗin fansar ƙanensa da aka ɗauke. Tun lokacin kullum sai ya sa tsani ya hau da buhu kamar mai ɗebowa, ya fita, ya je ya nemo tiya ɗaya ko biyu inda Allah ya ba shi, ya kawo gida. Mutanen da ke jikin katanga suka fara zamewa ɗaya-ɗaya, kowa kansa a ƙasa, don kada su haɗa ido da shi. Alhaji ya zauna a ƙasa inda yake tsaye, hularsa ta faɗi bai ɗauka ba.

Sai matarsa ta fito, Hajiya, tsohuwa ce ita ma. Ba ta ko dubi rumbun ba. Ta cire mayafinta ta yage shi biyu ta miƙo mani in ɗaure ƙafar. Tana durƙushe tana taya ni riƙewa ta yi magana, ba da faɗa ba, a hankali.

"Da ka yi magana tun farko, Alhaji. Ai tun kafin azumi muka sani. Ka ce inji kake kai dawar a sussuke don ka hutar da mu. Dawa farfara muka noma, kai kau kaura kake kawo mamu. Shiru muka yi maka."

Alhaji ya rufe fuska da hannun riga. Ni dai na ci gaba da ɗauri, hannuna yana jini, ƙafar Iro tana jini, ban san wanne jinin ne na wa ba. Aka kawo amalanke muka ɗora Iro, don a kai shi bakin titi kafin hanya ta rufe. Muna fita zaure aka fara yayyafi. Ruwan da ya taɓa fuskarsa ne ya farkar da shi. Ya buɗe ido ya dubi sama, ya laluba ya kama hannuna.

"Sule, ruwa ya sauko. Ka ce masu su kwashe dawar kada ta jiƙe."

Na ce to.